Naja'atu da Kalmar Sirrin Hafsat

Naja'atu 'yar unguwar Daurawa ce. Mahaifinta, Malam Isyaku, adaidaita sahu yake tuƙawa tun zuwansu Kano daga ƙauye. Ita kuwa kwamfuta ta karanta, ta sami aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Gyadi-Gyadi.

Bayanan asibitin ba a ginin suke ba. Suna kan saba, wato manyan kwamfutocin ajiya da ke can Legas. Daga ɗan ofishinta take shiga cikinsu ta wani baƙin allo, babu hoto, sai rubutu. Umarni ɗaya za ta buga, sabar ta zubo mata kalmomin sirrin da aka ajiye. An ba ta wannan dama ne saboda ranar da na'ura za ta ƙi buɗuwa alhali marasa lafiya suna jira.

Wata Litinin mai asibitin, Alhaji Habibu, ya shigo ya tura ƙofa. Kalmar sirrin imel ɗin Hafsat yake so, nas ɗin da ke haɗa kan ma'aikata a kan aiki babu hutu.

"Ranka ya daɗe, ba zan ciro ba," in ji Naja'atu.

"Ba ki iya ba?"

"Na iya. Ba don wannan aka ba ni damar ba."

"Sabar tawa ce, kujerar da kike kai ma tawa ce."

Ta miƙe daga kujerar. "Ga ta nan, Alhaji. Amma saƙonnin Hafsat nata ne."

Ya ce ta yi tunani kafin a tashi aiki. Ba ta zauna yin tunanin ba. Ta bi ɗakunan asibitin ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa kowa ya sauya kalmar sirrinsa, kuma ya daina bari na'urar ofis ta riƙe masa ita. Dalili kuwa Hafsat kaɗai ta faɗa wa. Kafin La'asar an sallami Naja'atu daga aiki.

A gida, Innarta ta yi ta faɗa. "Aiki kamar wannan, a kan 'yar wani?"

"Inna, gobe ma aka tambaye ni, amsar ke nan."

Washegari Malam Isyaku ya ɗauke ta a adaidaita neman aiki. Ta sha yawo kafin wani kantin magani a Unguwa Uku ya ɗauke ta. Can take har yanzu, ofishinta wani lungu ne a bayan katan-katan na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya.