Ranar Da Inna Ta Ambaci Sunana

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu, kuma ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. A lokacin ina ji da kaina, ga taurin kai, in na kafe a kan magana ko mijina ba ya iya tanƙwara ni. Bayan rasuwar Baba na je ƙauyenmu a Farin Dutse na ɗauko Inna, na ce mata wahala ta ƙare. Tsohuwar da take zuwa gona a ƙasa, ta yi surfe, da yamma ta miƙe ƙafa tana saƙar faifai, ita na kawo na girke a kan katifa gaban talabijin. Ko tsintsiya ta ɗauka sai na karɓe, don kada maƙwabta su ce na mai da uwata 'yar aiki.

Da gwiwoyinta suka fara sagewa na kai ta asibiti. Likitar ta ce zama ne ya yi mata yawa, ta nuna mana yadda za ta zauna a tabarma ta miƙa hannuwa, ta lanƙwasa ƙugu, ta ja numfashi a hankali ta saki. Ta ce a wasu ƙasashe yoga ake ce masa, kuma yana taimakon tsoho a jiki har da ƙwaƙwalwa. Ina jin sunan na ɗaure fuska, don na taɓa jin an ce bautar wasu mutane ce. Washegari na tarar da Inna a tsakar gida tana ɗaga hannu tana dariya, wai ai wannan miƙa ce kawai irin ta mai tashi daga barci. Na naɗe tabarmar, na ce ba a gidana ba. Mijina ya ce in bari mu tambayi malamai, miƙe gaɓɓai don lafiya ai ba ibada ba ce. Na ce ya bar ni da uwata.

Sannu a hankali Inna ta yi shiru. Sai ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, sai ta tsaya tsakiyar salla ta rasa raka'a ta nawa take. Na ce tsufa ne. Ban gane ta daina sanina ba, domin dama saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma kallona ido cikin ido. Wata rana na dawo daga makaranta, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, ta kalle ni tsaf, ta tambaye ni ko na san 'yarta, ta faɗi sunana ɓaro-ɓaro. Ta ce don Allah in na gan ta in ce ta zo ta mai da ita gida, mutanen nan ba sa barin ta taɓa komai.

Da muka koma asibiti likitar ta ce cutar mantuwa ce, ba za ta rantse motsa jikin zai hana cutar ba, amma zaman wuri ɗaya ya ƙara mata gudu. Yanzu ni da kaina nake shimfiɗa tabarmar kowace safiya, mu miƙa hannu tare, mu ja numfashi. Barcinta ya gyaru, ta koma saƙar faifai, amma har yau baiwar Allah take ce min.

'Yan'uwa, hana tsofaffi motsi ba gata ba ne. Ku bar su su yi shara, su taka zuwa masallaci, abin da ba ku sani ba kuma ku tambaya kafin ku haramta. Na girma ina marmarin jin sunana a bakin Inna ko sau ɗaya. Yanzu kullum ina jin sa, tana tambayata yaushe zan zo.