Rabin Ladan Dashe

Shekarar da mijina ya rasu ya bar ni da yara, na shiga ƙwadagon dashen shinkafa a fadamar wani Alhaji a bakin kogin Haɗeja, ni da ƙanena.

Igiya ɗaya aka ja mana. Duk inda ya kafa tsiro, nan gefensa nake kafa nawa, taɓo har gwiwa. Matsattsaku suka yi ta shan jininmu, ba ruwansu da wane ne namiji. Da la'asar Alhaji ya kira maza ya sallame su. Mu mata aka ce mu jira a gindin giginya, daga baya aka miƙo mana rabin abin da aka ba su.

Na kasa haɗiye abin. Na ce, "Alhaji, layina bai kai nasa ba ne?"

Ya ce, "Haba baiwar Allah, maza ai su ke riƙe da gida. Ku ciyar da ku ake yi."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ko aure bai yi ba a lokacin. Da magariba ya zo gidana kamar kullum, ya wanke hannu, na zuba masa tuwo.