Daga Tanut zuwa Belbeji da Jikana a Ɗaure

Talata, Tanut

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka nufi tasha mu uku: ni, da 'yata Rakiya wadda ke aikin jinya a Damagaram, da ɗanta Habu mai wata tara. Mahaifiyata ce ta aiko daga Belbeji, ta ce in ba a kawo mata tattaɓa-kunnenta ta gani kafin sanyi ya shigo ba, kada kowa ya ƙara gaishe ta.

Abin da ya ba ni kunya shi ne kayan da Rakiya ta ɗora mini: wata kujerar roba mai kama da kwando, duk igiyoyi. Ta ce a ciki Habu zai yi tafiyar. Na ce mata mu goma sha ɗaya Inna ta haifa, duk a cinya muka yi yawo.

Ta ce, "Baba, a amalanke kuka yi naku yawon. Wannan mota ce."

Motoci biyu ta leƙa ta ƙi, don babu maɗaurin kujera a baya. Ta uku hilus ce mai ƙofa huɗu, ta wani direba Ila. Ya cusa hannu ƙarƙashin kujera ya zaƙulo maɗaurin, duk ɓawon gyaɗa. Ya ce tun da ya sayi motar bai san da shi ba. Rakiya ta kafa kujerar tana kallon baya, ta ja, ta girgiza, sannan ta sa yaron ta ɗaure. Muka biya wa Habu kuɗin mutum guda cur. Ƙarfe bakwai saura kwata muka tashi.

A shingen fita gari wani jandarma ya duba katinmu, ya leƙa baya, ya ga Habu a kishingiɗe yana tsotsar yatsan ƙafa. Sai ya ƙame ya sara masa.

"Wannan ne kumandan ɗin naku? Ku wuce!"

Hanyar Gangara

Da muka bar kwalta, Habu ya fasa kuka. Na juyo daga gaba na ce ta ciro shi ta ba shi nono mana. Ta ce sai mota ta tsaya. Ila ya ce in ya tsaya a yashin nan sai an tura. Haka muka sha kuka na kusan minti goma, ni ina ta huci, har muka kai wata rijiya da ƙarfe tara da rabi.

A nan muka tarar da wasu Buzaye suna shirin ƙaura. Wata dattijuwa a cikinsu tana ɗora yara biyu bisa jaki tsakanin kaya, tana zagaye ƙugunsu da zane tana ƙullewa. Ta zo ta leƙa motarmu, ta taɓa igiyoyin kujerar ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ni da Hausarta mai daɗi, "Sirdin yaro ne? Ya yi kyau. Jaki ma da ba ya gudu sai mun ɗaure su, balle wannan." Ta ba Rakiya cuku biyu. 

A Gangara muka ci ƙosai muka sha shayi, ƙarfe goma sha ɗaya muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani kwazazzabo da ruwan damina ya haƙa a tsakiyar hanya. Ila ya taka birki, amma ina! Kaina ya bugi rufin mota, hulata ta yi waje ta taga, kwanon furar da ke cinyata ya kife a kan Ila. Na juya baya da sauri. Habu na nan inda aka sa shi, ya buɗe ido ɗaya, ya mayar ya rufe.

Ila yana share fura daga gemu ya ce, "Baba, da shi ne a cinyar taka fa?"

Na sauka na ɗauko hulata. Da na dawo, na lalubo nawa maɗaurin na ja ba tare da kowa ya ce mini ba. Rakiya ta kau da kai tana danne dariya.

Belbeji

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka isa. Inna ta karɓi Habu tana cewa, "Maigida, sai yau? Ko cefane ba ka aiko ba!" Idanunta sun yi yana, sai da hannu ta shafa fuskarsa. Shekara uku muna lallashinta ta zo Tanut a duba idon, ta ce ba ta ƙara shiga mota, don ta ƙarshe da ta hau wurgi ta yi ta yi da ita kamar buhu.

Kwana biyu muka yi, tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallon kujerar. Ni ne na koma mai bayani, ina nuna musu inda ake zura hannun yaro, da yadda ake jan igiya har ta kwanta a ƙirji. Inna tana gefe tana saurare.

Alhamis da hantsi Ila ya zo ɗaukarmu. Sai ga Inna a ƙofar gida da ƙunshin kayanta.

"Abin ɗaurin nan, akwai na manya?"

Rakiya ta ce, "Akwai, Kaka."

"To, a sa ni kusa da maigidana. Ku ɗaure ni da kyau, na fi shi rauni."

Komawa gida

Mun bar Belbeji ƙarfe goma. Ila ya bi kwazazzabon nan a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Habu ya riƙe yatsan Inna, su biyun suka yi ta barci har kwalta. Da la'asar sakaliya muka shiga Tanut lafiya lau.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Ila da haƙurinsa. Ranar Litinin aka duba idon Inna, likita ya ce na dama zai gyaru. Ta ce da shi ya hanzarta, tana son ta ga ko yaron nan ya kai kyan da ake faɗa.