Kujerar Gaba ta Inna Mas'uda

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Matameye ya san Inna Mas'uda, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai zama kusa da ƴan rake, da kwalabe jere a gabanta da kwanon ƙuli-ƙuli rufe da faifai. Gidanmu katanga ɗaya da nata, ƙamshin suyar gyaɗarta muka tashi muna shaƙa. Abin da zan faɗa a nan daga bakinta na ji shi, guntu-guntu, tana ɓarar gyaɗa ina zaune a gefe.

Ƴar Dawce ce, aure ya kawo ta Matameye. Mijinta Shekara dillalin shanu ne, mutum mai daɗin baki. Ya yi mata alkawarin rufin kwano, ya yi mata alkawarin injin niƙa, ya ce wata rana zai kai ta Makka. Har ya rasu ɗakin yana zuba da damina.

"Ba mugu ba ne," in ji ta. "Idan yana faɗa, shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa. Ni ce dai mai tara kwano in tari ruwa."

Da turmi da tunkuza ta riƙe ƴaƴanta. Ba mai faɗa ba ce. Yaro ya fasa kwalba, sai ta ce ya share. Abu ɗaya ne ba ta ɗauka, wato yaro ya ce ya yi abin da bai yi ba. Wanda ta fi sa wa ido kan haka shi ne ɗanta na fari, Lawwali, saboda ya ɗauko fuskar ubansa da muryarsa.

Kamar yadda matan zamaninta suke da ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. A gaban ƙannensa "yayanku" ne. Da ya gama lakwal, wato makarantar boko, ya samu tafiya karatu Masar, ya zauna can yana yi wa marasa lafiya tafinta a asibitoci, sai ya koma "wancan na Masar". Idan ya kira a salula, ƙanwarsa Sadiyya ce ke ɗauka. Inna tana daga nesa tana cewa, "Ce masa muna lafiya." Amma duk matafiyin da aka ji zai bi ta can, sai ta ɗaura masa ƙunshin ƙuli-ƙuli, mai yaji, ba sukari. Ba ta cewa na wane ne. Kowa ya sani.

Gwiwarta ta dama ce ta gaji da durƙuso a gaban turmi. Da abin ya kai ba ta iya tashi sai an kama ta, Lawwali ya aiko aka kai ta Yamai, aka sa ta a jirgi, ya tarbe ta a can. Aka yi mata aiki, aka dace. Da lokacin dawowa ya yi, likita ya ce kada ta daɗe da ƙafar a naɗe.

A filin jirgi Lawwali ya durƙusa a gaban keken da aka ɗora ta, ya sa mata takardar shiga jirgi a hannu.

"Inna, ta gaba na saya miki. Kujerar kwanciya take yi kamar gado. Za ki miƙe ƙafa har ku sauka."

Ta kau da kai ta ce, "To."

Daga nan ba a barin mai rakiya ya wuce. Wani ma'aikaci ya tura ta har bakin ƙofar shiga. Can wata mata mai kayan kamfanin jirgin ta karɓi takardar, ta danna na'ura, ta yi ta magana da murmushi cikin yaren da Inna ba ta ji, ta miƙo mata wata takardar. Inna ba ta karatun boko. Ta ɗauka haka ake yi wa kowa.

Da aka shigar da ita ta ga kujerun da ya faɗa, manya, masu faɗi. Aka wuce su da ita. Aka ɗaga wani labule, aka yi ta tafiya, aka zaunar da ita can baya tsakanin wani ƙato da wata mai goyo. Gwiwarta na taɓa kujerar gabanta.

"Ciwon ƙafar bai dame ni ba," ta ce da ni. "Abin da na yi ta ji a kunnena muryar ubansa ce. Kwanciya take yi kamar gado. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya zo."

A zuciyarta ta gama lissafin yadda abin ya faru. Aikin da aka yi mata a asibiti ya cinye abin hannunsa, bai iya sayen ta gaba ba, ya ji nauyin faɗa, sai ya rufe da daɗin baki. Ba talaucin ne ya yi mata zafi ba. Da ya ce mata babu, da ta zauna a bayan da farin ciki.

Ta iso gida ƙafa a kumbure, sai da ta ƙara jinya. Da ya kira ya ce a tambaye ta yaya kujerar, ta ce wa Sadiyya, "Ce masa lafiya lau." Ba za ta tona masa asiri a gaban ƙanwarsa ba, kuma ba ɗan da za ta zaunar ta tambaya ba ne. Shi kuma ya ji lafiya lau, ya kwanta da murnarsa.

Aka yi watanni. Ƙafa ta warke, ta koma kasuwa da sanda, Sadiyya na yin aikin turmin. Amma mun lura da abu ɗaya. Wani ɗalibi zai koma Masar ya zo sallama, ya tsaya yana jiran ƙunshin da aka saba, ta ce masa gyaɗar bana ba ta yi kyau ba. Gyaɗar bana kuwa ta yi kyau.

Wata ranar kasuwa wani dattijo mai ƙiba ya tsaya a gaban kwalabenta, ya leƙa fuskarta. Alhaji Falalu ne daga Kance, mai fataucin shadda. Jirgi ɗaya suka dawo, sun gaisa a Yamai wajen jiran kaya.

"A'a, ga abokiyar wahalata," ya ce. "Ke ce kika hau jirgi zuwa da dawowa, kika dawo ko Hajiya ba a ce miki ba."

"Ni gwiwa na je sayowa, Alhaji. Kai da ka je Makkan me ka rage da shi, ban ga tumbin ya ragu ba."

Ya yi dariya, ya ja benci. "To ya aka ƙare da mutanen nan? An biya ki?"

"Biyan me?"

"Na kujera mana. Ba tare aka koro mu daga gaba ba? Ina bayanki a layi lokacin da yarinyar nan ta canza miki takarda. Sun sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgin, suka duba fuskoki suka zaɓi waɗanda ba za su yi musu hayaniya ba. A kaina ne suka yi kuskure."

Inna ta ajiye mazurarin da ke hannunta. "Kana nufin ta gaba aka saya mini?"

"Da idona na ga takardarki ta farko. Layin kujerarki ma yana gaban nawa. Na ce wannan baiwar Allah ɗanta ya fi ƴaƴana hankali."

Sadiyya ta ce tunda take ba ta taɓa ganin uwarta ta zuba mai ya malala a ƙasa ba sai ranar. Inna ta cika wa Alhaji Falalu kwalba, ta ƙi karɓar kuɗinsa. Ya ce idan haka ne duk mako zai riƙa zuwa da labari.

Da la'asar Sadiyya ta kira yayanta ta faɗa masa komai. Ya ce, "A baya? Da wannan ƙafar? Me ya sa ba ta faɗa ba?"

Inna na zaune kan tabarma tana tsince gyaɗa. "Ce masa mantawa na yi."

Lawwali ya bi kamfanin. Da farko suka ce za su ba ta rangwame idan za ta sake tafiya da su. Aka faɗa wa Inna, ta ce su riƙe abinsu, ita da jirgi sai dai ta gan shi a sama. Lawwali ya ƙi karɓa, Alhaji Falalu ya tsaya masa shaida, daga baya suka maido da bambancin kuɗin kujerun biyu, suka ɗora wani abu a kai na wahalar da ta sha.

Na tambaye ta ko tana ganin an biya ta daidai. Sai ta ce:

"Na ƙafar sun biya. Amma ka ga, idan mutum ya ba ni kuɗin kwalba cike, man bai kai ba, tun bai ɗaga ƙafa ba zan faɗa masa, kuma da yaren da yake ji. Hausawa cike da layin nan. Da sun kira mutum ɗaya ya ce mini, Iya, ɗanki ya biya, mu ne muka cika jirgi, da na zauna ko a ƙasa ne."

Ta ce kuɗin na ɗanta ne, ya riƙe. Bai riƙe ba. Ya aiko aka sa wani kafinta a bakin tasha ya yi mata doguwar kujera mai jingina, da wurin ɗora ƙafa. A kanta take zama yanzu a kasuwa. Ƴan rake sun sa mata suna kujerar gaba, idan ta tashi salla sai su yi ta rigimar wanda zai ɗana.

Ranar da aka kawo kujerar, Lawwali ya kira. Sadiyya ta ɗauka kamar kullum, sai Inna ta miƙa hannu.

"Ba ni nan."

Ta riƙe salular nesa da kunne kamar za ta ƙone ta.

"Kana ji? Ta iso. Kwanciya take yi, kamar yadda ka ce." Ta shafa hannun kujerar. "Allah ya yi maka albarka."

Ta maida wa Sadiyya tun kafin ya amsa, ta juya ta ce a jiƙa yaji, kuma a aika gidan su ɗalibin nan a tambaya ko akwai mai tafiya Masar a kusa.