Lambar Yaya Dawuda

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a babbar kasuwar Garwa ya san Kaltumi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke auna yadi da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana kan waya. In ka taya kaya ƙasa ba ta musu da kai, sai dai ta dube ka ta saman tabarau har kai da kanka ka ji kunya ka ƙara. Kakanta ne ya kafa shagon lokacin da ya zo daga Zariya ta Yola. A unguwar Yelwa aka haife ta, ta gama lise, wato sakandare, ta ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, sai mahaifinta ya kwanta ciwo, aka rasa mai zaman shago sai ita. Nan karatu ya tsaya, shekara goma cur.

Wanda ya hana ta haƙura shi ne yayanta Dawuda, malamin lissafi a wata lise can arewa da Marwa. A 2012 ya buɗe shafi a intanet don irinta, waɗanda aiki ko aure ko nisa ya hana su zaman aji, suke karatun jami'a daga inda suke. Ya sa wa shafin suna Zaure. Suna tura wa juna takardu, suna kuka da rashin rezo, wato sabis ɗin waya, suna tsine wa wutar lantarki baki ɗaya. Ka'ida guda ya kafa: kowace safiya kowa ya rubuta "ina nan", wanda ya yi kwana uku shiru kuma a kira shi a ji ko lafiya. Ta hanyar Zaure Kaltumi ta yi lisans ɗinta, digirin farko, littafi a buɗe kan tulin atamfa.

Wata safiya a Fabrairun 2015 Dawuda ya rubuta "ina nan", ya shiga mota daga Marwa zai je Kuseri. Lokacin nan ne masu bindiga suka hana hanyar sakat. Da yamma aka tsinci motar a gefen titi, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki. Ba a ga gawa ba, ba kuma wanda ya kira gida ya ce yana hannunsa. Da kwana uku suka cika Kaltumi ta ci gaba da kiran lambarsa, tana cewa ai ka'idarsa ce. A kashe take. Ta yi wata shida tana kira, sannan ta daina, don muryar matar kamfanin mai cewa ba a samunsa ta fara biyo ta har cikin sallah.

Matarsa Mairamu ta dawo gidan Yelwa da 'yarsu Iyatu. Bayan shekara huɗu liman ya zo ya ce lokaci ya yi, Mairamu za ta iya shiga takaba, ta fita, ta ci gaba da rayuwarta. Dangi suka yarda. Kaltumi ce ta miƙe ta ce ba za a yi wa yayanta takaba yana raye ba, wanda ya ga gawarsa ya fito ya faɗa. Ita ke riƙe da gida, ita ke riƙe da shago, ga baki. Mairamu ba mai musu ba ce, ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki. Haka ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba, ƙuruciyarta na tafiya. Gaskiya Kaltumi ba ta kyauta ba, kuma ta sani, shi ya sa ba ta iya haɗa ido da yarinyar a tsakar gida.

Zaure kuwa ya faɗo hannunta, ta riƙe shi da ƙarfi fiye da kima. Kowace safiya sai ta duba sunan Dawuda a shafin kafin ta duba na masu rai. Da annoba ta sa aka rufe makarantu a 2020, buƙatu biyu suka taso mata a lokaci guda. Waɗanda suka gama lisans, irin su Laurent, wani ma'aikacin jinya a Bibemi da ba ya gajiya da naci, suna so a buɗe wa masu mastar nasu wurin, inda za a koyi rubutun bincike a kuma nemi masu duba shi. Ga kuma iyaye mata da yara suka cika musu gida, har da waɗanda suka gudo daga ƙauyukan iyaka, inda makarantu suka daɗe a rufe, su ke koyar da 'ya'yansu da kansu. Waɗannan ba su da kwamfuta, waya kawai gare su. Sai Kaltumi ta yanke shawarar buɗe ɗakuna biyu a kan waya, ɗaya na mastar, ɗaya na karatun gida. Mairamu ce ta fara roƙon a sa ta a na biyun, saboda Iyatu.

To, a gidansu akwai al'ada tun zamanin kaka: ba a buɗe sabon shago sai babban gida ya fara sa ƙafa, kafin kaya, kafin mai saye. Don haka ranar Litinin da safe, da ta buɗe ɗakin karatun gida, lambar Dawuda ta fara sawa, sannan ta Mairamu, sannan saura. Ita da ke da lisans ba ta tsaya ta tambayi kanta yadda aka yi waya ta karɓi lambar da ta shekara biyar a kashe ba. Ta rubuta "ina nan", mata suka yi ta amsawa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya, rana ta fara dukan kwanon kasuwa, tana naɗe wata atamfa sai idonta ya kai kan wayar. A saman allon an nuna Yaya Dawuda yana rubutu. Alamar ta ɓace, ta sake dawowa. Kaltumi ta zauna a kan tulin yadi. Tsoro ya kama ta, murna ma ta kama ta, kuma a ƙarƙashinsu akwai wani abu mara kyau da ke cewa: ai na faɗa muku. Sai saƙon murya ya shigo, daƙiƙa tara. Ta kasa taɓa shi.

Tana nan zaune har babur ya tsaya a bakin layi. Mairamu ce, takalmin wanka a ƙafarta, mayafi a karkace.

"Adda, kin gani? Malam ne. Na kasa buɗewa, ki buɗe mana."

Kaltumi ta danna. Muryar mace ce, da carar zakara a bayanta, tana haɗa Fulatanci da Faransanci.

"Jam na? Pardon, ni Rosalie ce, daga Poli. Ban san wanda ya sa ni a nan ba."

Kaltumi ta kira lambar nan take, karo na farko cikin shekara huɗu da rabi, aka kuma ɗauka. Rosalie ta ce da daminar bara ta sayi layin a kasuwa, sabo fil a cikin ledarsa. An gaya mata haka kamfani ke yi, layin da ya daɗe ba a taɓa ba sai a sake sayar da shi. Ta ce wani lokaci ana kira a nemi wani Malam, tana cewa ba ta san shi ba.

Layin waya ba shaidar mutuwa ba ne, Kaltumi ta san wannan sarai. Amma duk shekarun nan abin da ta riƙe shi ne wayar tana cikin aljihunsa a wani wuri, caji ne kawai ya ƙare. Yanzu ta rasa inda za ta ajiye shi a zuciyarta.

Mairamu ta daɗe tana kallon kantar sama, inda ake jera yadudduka marasa zane. Sannan ta nuna wani mai duhu.

"Adda, ki yanka mini yadi shida na wancan."

Kaltumi ta gane na takaba ne. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da yadin, ta auna, ta sa almakashi. Yankan ya karkace, abin da ba a taɓa gani a shagon ba.

"Ki yafe mini, Mairamu. Na cuce ki."

"Na yafe, Adda. Ke ma jira kike yi."

Bayan tafiyarta saƙo ya sake shigowa, har yanzu da sunan Yaya Dawuda a kansa. Rosalie ce ke cewa ta saurari abin da ake yi a ɗakin, tana da yara biyu a gida, makaranta kuma ta yi musu nisa tun kafin annoba. Ko za a bar ta ta zauna? Kaltumi ta rubuta mata ta zauna, ta kuma gaya mata ka'idar safiya. Sannan ta shiga jerin sunaye ta goge na yayanta, harafi bayan harafi, ta rubuta Rosalie Poli.

Washegari Mairamu ta shiga takaba. Ɗakunan biyu suna nan har yau, Laurent ya gama mastar ɗinsa, Iyatu ta iya raba lissafi. Rosalie ba ta taɓa fashi ba, ita ke riga kowa. Kaltumi ta canja sunan, amma lambar a haddace take a kanta, kuma kowace safiya daga wannan lambar ake fara rubuta mata "ina nan".