Ɗakin da Aka Gina da Lakar Tafki

A bayan ƙauyenmu, ba nisa da madatsar ruwa ta Watari, akwai wani tafki da ba ya kai rani. Da an gama girbin dawa sai ya fara ja da baya, ya bar laka ta bushe ta tsattsage. Baƙo zai ce babu mai rai a wurin. Amma a ƙarƙashi gaiwa tana nan, kifin nan mai dogon jiki, ta naɗe a cikin laka tana barci har ruwa ya dawo. Ina son ratsa tafkin da azahar, ina taka ƙasa a hankali kamar wanda ya shiga ɗakin da mutane ke barci.

Da lakar nan aka gina garinmu. Da ita kakana ya gina wa Kaka ɗakinta, kuma tun da ya rasu ba ta yarda ta kwana a wani ɗaki ba. Kowace bazara mukan haƙo laka mu yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba damina ta cinye shi.

Sai ga wata gidauniya mai tallafa wa aikin kare kifaye da namun daji. Mutanenta suka zauna da mai gari da manoma, suka ce haƙar laka ce ke ƙarar da gaiwa tana cikin barcinta. Ba su faɗi ƙarya ba, mu ma mun ga ta yi wuyar samu. Aka amince a daina haƙa, suka kewaye wurin, suka dasa itatuwa a gefe. Aka kafa kwamiti, aka saka ni don ina koyarwa a firamare, wai na iya bayani. Na kuwa yi ta zuba bayani gida-gida, har na iso ƙofar Kaka.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Kasancewar ni jikanta ne, mijinta take kirana. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ta ga mazaje iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya fifita kifi a kan matarsa ba sai ni. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Muka gwada ƙasar jigawa, ashe rairayi ce zalla, kafin ta bushe ta zube. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baffana ya ce mu kora jakuna da sassafe mu haƙo abin da zai ishe mu, wa zai sani? Ashe Kaka tana jinsa daga ciki.

"Ba za a yaɓe min ɗaki da ƙasar sata ba," in ji ta. "Ku ƙyale kifayen nan. Sun sha rani kamar kowa, saura ƙiris su ga ruwa."

Da ƙyar muka lallashe ta ta koma wani ɗakin bulo mai rufin kwano, tana ta mita cewa ƙarar kwano ta hana ta jin ruwan sama yadda Allah ya saukar da shi.

Daminar nan tafkin ya cika har ya taɓo sabbin itatuwa. Bado ya rufe fuskar ruwa, balbelu suka jeru a gefe fari fat. Bayan la'asar nakan zauna a bakinsa in ga gaiwa ta leƙo ta shaƙi iska ta koma, zoben ruwa yana buɗewa har ya isa gaɓa. Nakan manta da kaina a wurin sai na ji kiran magariba. In na dawo gida kuma in tarar tsagar bangon Kaka ta ƙara faɗi, farin cikin ya koma ciki.

Cikin marka ɗakin ya faɗi, wata rana da hantsi. Bai yi wata ƙara ba, zama kawai ya yi a hankali. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini haka ba, na kasa kallon fuskarta.

Ita kuwa ta fito da sandarta ta tsaya a kan ɓaraguzan, ta daɗe. Baffa ya ce a watsa ƙasar a gona. Ta ce a'a, a mayar da ita inda aka ɗebo ta.

Muna lodawa a amalanke ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin bango na can ciki, wanda yaɓenmu bai taɓa rufewa ba. Akwai sawun yatsun kakana a jiki, yadda ya shafe lakar tana ɗanya. Ta sa yatsunta a cikin sawun, ya yi musu yawa. Ta daɗe a haka, ruwa yana ɗiga daga mayafinta, sannan ta miƙo mini.

"Wannan kar ka jefa," ta ce. "Ka shiga ruwan ka ajiye shi da hannunka."