Takardar da Goggo Ta Tsallake

Goggona, ƙanwar babana, shekara ashirin da biyu ta yi tana guga a shagon wanki ɗaya, a kan tebur ɗaya, kusa da taga. Ba ta da fara'a, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ka gaishe ta, ta ce "lafiya" ba ta ko ɗago kai ba. Amma in ta goge maka riga, wallahi sai ka ji tsoron zama don kar karin ya lalace.

Tsayuwar nan ce ta cinye mata baya. Shekara biyar ke nan ba ta iya sunkuyawa. In abu ya faɗi mata a gida, da yatsun ƙafa take ɗaukowa. A shago kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don kar a ce ta tsufa a sallame ta.

Kwatsam mai shagon ya danƙa wa surukinsa ragama. Shi kuma wani kwas ya je na kwana uku, ya dawo ilimi ya yi masa yawa, sai an ce masa Manaja yake amsawa. Ya tara ma'aikata ya ce shi ba gwaninta yake nema ba, hali yake nema. Ga yadda yake gane halin: ya dunƙule takarda ya yar a ƙofar ofis, ya koma ya hakimce. Wanda ya ɗauke ya ci, wanda ya tsallake ya faɗi.

Kafin mako ya zagayo, mai shayin bakin titi ya gama raba asirin. Masu neman aiki suka riƙa shigowa ido a ƙasa kamar sun yar da zobe. Wani ma da ya ɗauka, har tambaya ya yi ko akwai saura. Shi aka fara ɗauka.

Sai Manaja ya ce tsofaffin ma'aikata ma a gwada su. Goggo ta san da takardar sarai. Ta tsaya a kanta, ta dube ta, ta dubi takalminta mai rufi, sannan ta tsallake.

"Goggo, ba ki ga komai ba?"

"Na gani, yallaɓai."

"To?"

"Wanda ya yar ai ya fi ni kusa da ita."

Girman kai, in ji shi. Ranar ta kwaso mayafinta da kofin ruwanta ta dawo gida. Na yi mata faɗa, na ce haba Goggo, me zai hana ki faɗa masa gaskiya? Ta ce ta fi so a kore ta da sunan fitsara, a kan a kore ta da sunan tsufa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu shagon tsaf yake, ko tsinke ba ka gani a ƙasa, kuma duk rigar da suka ƙona, da murmushi suke miƙo maka. Goggo na guga a tsakar gidanta, tsofaffin masu kawo kaya sun biyo ta.

Rannan matar Manaja ta lallaɓo da rigunansa a leda, tana roƙon kar a faɗa masa. Goggo ta laluba aljihu kamar yadda ta saba, sai ga dunƙulalliyar takarda. Ta warware ta, ta yayyafa mata ruwa, ta goge ta sumul, ta ninke ta mayar masa.